Na san mijina ba zai dake ni ba, amma jikina ya ƙi yarda

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 31, kuma wannan aurena na biyu ne. Na yi shekara 6 da mijina na farko, mutum ne mai saurin hannu, yawanci da dare yake dukana in ya dawo. Kafin ya shigo nakan ji ƙarar makullansa a ƙofa. Allah ya raba mu, na fito da 'yata ɗaya. Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan ina auren wani bawan Allah da ko tsawa bai taɓa yi mini ba. Amma Anti, da na ji ƙarar makulli a ƙofa sai gabana ya faɗi, hannuwana su yi sanyi, bakina ya bushe. Ranar nan muna ɗaki ya ɗaga hannu zai ɗauko caja a saman durowa, sai kawai na ga na runtse ido na kare fuskata da hannu biyu. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Yanzu ni kike zaton zan dake ki?" Ya fita, tun ranar ya rage yi mini magana. Ya gaya wa Hajiyarsa, ta ce ko dai aljanu ne ko tsohon mijina ya yi mini asiri, a kai ni a yi mini ruƙiyya. Yayata kuma cewa ta yi raunin tawakkali ne, in manta kawai. Wallahi na san ba zai dake ni ba, amma jikina ya ƙi yarda. A ina wannan abin yake zaune a jikina? Yana fita kuwa? Ina tsoron kada in kashe aurena da hannuna.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne inda kika ce kina tsoron kashe aurenki da hannunki. Ki sauke wannan laifin daga kanki tukuna. Hannun da ya kare fuskarki bai yi shawara da ke ba, kuma ba maigidanki ya tuhuma ba. Shekara 6 kina gidan da in makulli ya yi ƙara duka ne zai biyo baya. Jikinki ya haddace wannan sosai, domin a wancan gidan haddar ce take ba ki damar kare idonki da haƙoranki. An canza gida, an canza miji, amma wurin da haddar take bai samu labari ba. Tun da kin tambayi inda wurin yake, zan faɗa miki dalla-dalla, don maganin ma daga nan zai fito.

Motsin da jiki yake yi ba da umarninmu ba iri biyu ne. Akwai wanda aka haife mu da shi, irin janye hannu in ya taɓa tukunya mai zafi. Wannan a lakar da ke cikin ƙashin baya ake yanke hukuncinsa, hannu ya riga ya janye kafin mutum ya san ya ƙone. Akwai kuma wanda ake koya, shi ne naki. Ivan Pavlov, masanin nan ɗan Rasha da ya samu kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, shi ya fara bin diddiginsa. Ya lura karnukan da yake bincike da su suna dalalar da yawu tun abinci bai shiga bakinsu ba, da zarar sun ga mai kawo shi ko sun ji takunsa. Sai ya riƙa kaɗa wani sauti gab da ba su abinci, har ta kai sautin kaɗai yana sa yawun ya zubo. Duk abin da ya saba zuwa gab da wani abu mai muhimmanci, ƙwaƙwalwa tana ɗaure su tare. Kada ranki ya sosu don na ambaci dabbobi. Allah ya girmama ɗan Adam, amma wannan ɓangaren na halitta kusan iri ɗaya ne namu da nasu, shi ya sa a jikinsu aka fara gano shi.

Pavlov ya ɗauka a ɓawon ƙwaƙwalwa na sama, inda tunani yake gudana, ake wannan ɗaurin. Waɗanda suka biyo bayansa suka tarar cewa mafi yawansa a can ƙasa yake, kuma ba wuri ɗaya ba ne, kowane irin martani da mazauninsa. A farkon shekarun 1980, Richard Thompson da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka koya wa zomaye ƙifta ido: a kaɗa sauti, a hura wa zomo iska a ido, a yi ta maimaitawa, har ya riƙa rufe idon da jin sautin, daidai lokacin da iskar za ta iso. Suka bi sawun saƙon har zuwa ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙasan ƙeya, wadda likitoci suke kira serebelum. A cikinta akwai wani ɗan dunƙule, da suka lalata shi sai ƙiftawar da zomon ya koya ta ɓace, amma in iskar ta taɓa idon yana ƙiftawa lafiya lau. Ta haihuwa tana nan, ta koyo ce ta tafi. Wannan wurin shi ke riƙe da motsin gaɓoɓi da aka koya mai buƙatar daidaita lokaci.

Faɗuwar gaba, sanyin hannu da bushewar baki kuwa, aikin wani wuri ne daban, amigdala, kuma nan ne mafi yawan damuwarki take. Guda biyu ce, ɗaya a kowane gefen kai, can ciki tsakanin saitin ido da kunne, kowacce ba ta kai girman dabino ba. Joseph LeDoux ya shafe shekaru a birnin New York yana bincikenta a jikin ɓeraye, tun daga shekarun 1980. Ya nuna cewa saƙon da kunne ya ɗauko yana da hanya biyu. Ɗaya gajera ce, daga wata tasha da ake kira talamus kai tsaye zuwa amigdala. Ɗayar doguwa ce, tana zagayawa ta ɓawon ƙwaƙwalwa a tantance mene ne aka ji da kuma wane ne. Gajerar ta fi sauri amma ba ta tantancewa. Kafin doguwar ta ce "ai maigida ne, mutumin kirki", amigdala ta riga ta sa zuciya ta buga, jini ya janye daga hannuwa, yawu ya ƙafe. Ita ce kuma take ƙara wa razanar da aka haife mu da ita ƙarfi, ta yadda ɗaga hannun da wata ba za ta ko lura da shi ba, ke zai sa ki runtse ido ki kare fuska. Ajiyar ba wani abu ba ne da za a tsaga a ciro. Ƙwayoyin jijiya suna isar wa juna saƙo ta mahaɗai, kuma duk daren da makulli da duka suka zo tare, mahaɗar da ke kai ƙarar makulli ga amigdala tana ƙara ƙarfi. Irin wannan sauyin na mahaɗai ne Eric Kandel ya nuna a jikin wata halittar teku, ya samu Nobel a 2000.

Kin ce kin san ba zai dake ki ba amma jikinki ya ƙi yarda. Maganarki daidai take da abin da likitoci suka gani, domin sani da martani ma'ajinsu daban-daban ne. A 1911 wani likita ɗan Suwizalan, Edouard Claparede, ya ba da labarin wata majinyaciya da ciwo ya hana ta riƙe sabon abu, kullum ya shigo sai ya sake gabatar mata da kansa. Wata rana ya ɓoye fil a tsakanin yatsunsa, suka gaisa ya soke ta. Ba a jima ba ta manta da shi da abin da ya faru, amma da ya sake miƙo hannu sai ta ƙi ba shi nata, kuma ta kasa faɗin dalili. A 1995 masu bincike a Jami'ar Iowa suka fito da abin fili. Suka riƙa nuna wa majinyata launuka, ana haɗa shuɗi da busa ƙaho mai ƙara sosai. Majinyaciyar da amigdalarta ta lalace ta iya faɗin cewa shuɗi ne ke zuwa da ƙahon, amma fatarta ba ta yin gumi in ta gan shi. Wanda kuwa ma'ajin tuna al'amura, wato hifokamfus, ya lalace masa, bai iya faɗin komai ba, amma da shuɗi ya bayyana sai gumi ya tsattsafo. Shi ya sa duk hujjar da za a kawo miki, da wadda kike kawo wa kanki cikin dare, ba ta isa inda ciwon yake. Hujja tana shiga ma'ajin sani, shi kuma dama can ya yarda.

Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba wanda ya ce mai gudun bai san tsumma ba ne ko imaninsa ya yi rauni. Yayarki sonki take yi, tana so ta ga kin wuce wurin, amma ta yi kuskure da ta haɗa wannan da tawakkali. Ki karanta mata aya ta 10 a Suratun Namli: da Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ga sandarsa tana motsi kamar maciji, juyawa ya yi da gudu bai waiwayo ba, a wurin da Ubangijinsa yake magana da shi. Ba a zarge shi ba, ce masa aka yi kada ya ji tsoro. Kalmar "manta kawai" kuwa, ai ba ke kike tunowa ba, jikin ne yake riga ki.

Yana fita kuwa? Yana lafawa ƙwarai, har mutum ya yi watanni bai ji shi ba, amma ba ta hanyar gogewa ba. Pavlov ya ga cewa in aka yi ta kaɗa sautin babu abinci, yawun yana daina zuba, sai dai bayan an huta yakan ɗan dawo da kansa. Wato tsohon darasin yana nan, sabo ne ya hau kansa ya danne shi. Bincike na baya ya nuna cewa wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ke riƙe wannan sabon darasin yana taka wa amigdala birki. Kuma abu ɗaya ne yake koya masa: a ji makulli, jiki ya shirya wa duka, duka bai zo ba, a sake, a kuma sakewa. A shekara ɗaya da rabin nan kin samu ɗan rabo daga wannan, amma kina samunsa ne ba shiri, cikin dare, kina ɓoyewa, kina jin kunya. Abin da ya rage shi ne a tsara shi.

Nan ne maigidanki ya shigo, kuma ina so ki dubi abin ta inda yake tsaye. Mutum ne da ya riƙe harshensa da hannunsa, ya ɗauka ya gina miki wurin da za ki saki jiki, sai ya ga kin kare fuska daga gare shi. Ya ji an sa shi sahu ɗaya da wanda ya fi ƙyama. Wataƙila ma akwai kishi a ciki, yana ganin har yanzu wancan mutumin yana da wuri a ɗakinsa. Kai maganar wurin Hajiya bai yi mini daɗi ba, sirrinki ne, da ke ya kamata ya fara zama. Amma na fi ganinsa a matsayin wanda ya rasa yadda zai yi, ba mai son tozarta ki ba. Abin da bai sani ba shi ne, fitar da ya yi cikin fushi da shirun da ya biyo baya su ne suka fi komai ciyar da tsoron, domin a tsohon gidanki irin wannan shirun ne yake gabatar duka.

Ki same shi da rana, bayan ya ci abinci ya huta, ba lokacin da abin ya faru ba. Ki kira shi da sunan da kika saba, ki ce masa: "Ban taɓa zaton za ka dake ni ba. Abin da ka gani jikina ne ya koya a gidan da na baro, yana riga ni motsi. Ina so in rabu da shi, kuma kai ne za ka fi kowa iya taimakona." Ba sai kin zayyana masa duk abin da aka yi miki ba, maza da yawa ba sa iya ɗaukar jin wannan, ke ma zai tayar miki da hankali. Ki faɗi abubuwa biyun da suke tayar da shi, makulli da ɗaga hannu kusa da ke. In bakinki ya yi nauyi, ki tura masa saƙon murya, ko ki ba shi wannan amsar ya karanta da kansa. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: duk ranar da ya ga kin razana, kada ya fita, kada ya rungumo ki da sauri, kada ya tambaye ki dalili. Ya sauke hannunsa, ya zauna ƙasa da tsayinki, ya kira sunanki a hankali, ya jira.

Da farko ya riƙa yin sallama da murya kafin ya taɓa ƙofa, ko ya kira ki a waya in ya kusa gida, don ki samu sauƙi. Amma kada ku tsaya nan, kuma kada a naɗe makullan a ƙyalle har abada, domin kauce wa abin tsoro yana hana sabon darasin samuwa. Ki karɓi makullan ki riƙa kaɗa su da hannunki da rana, kina zaune. Gabanki zai ɗan faɗi, ki bar shi ya faɗi, ki ja numfashi ki sake shi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, ki zauna har ki ga babu abin da ya biyo baya. In wannan ya zama ba komai, shi ya kaɗa su a gabanki kina kallo. Daga nan ya kaɗa a bayan ƙofa a lokacin da kika zaɓa, sai da magariba, sai da dare. Haka ma hannun: daga nesa, yana faɗa miki kafin ya ɗaga, sannu a hankali har ya riƙa miƙa hannu ta saman kanki ya ɗauko abu. Minti 10 zuwa 15 a mafi yawan ranaku ya fi awa guda sau ɗaya a wata. Ke ce mai cewa a tsaya, kuma kada ya taɓa yi miki ba-zata da sunan gwaji. Ku riƙa canza ɗaki da lokaci, domin Mark Bouton na Jami'ar Vermont ya nuna cewa sabon darasin yana manne wa wurin da aka koye shi, in an canza wuri tsohon tsoron yakan leƙo. Don haka in wata rana ya dawo a gidan biki, ko lokacin laulayin ciki, ko bayan kin yi rashin barci, ba aikinku ne ya rushe ba. Ku ɗan maimaita, zai fi saurin lafawa a karo na biyu.

Hajiya kuma kada ki yi jayayya da ita, kuma ba bakinki ya kamata ta ji bayanin ba, ɗanta ne zai yi mata. Neman tsari da Alƙur'ani alheri ne, ki riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi safe da dare, ki tofa a hannunki ki shafe jikinki, maigida ma ya yi miki in kin saki jiki da hakan. Abin da ba na so shi ne a kai ki inda baƙon namiji zai tsaya a kanki yana ɗaga murya, a danne ki, a turara miki hayaƙi ko a taɓa ki da bulala da sunan korar aljani. Wannan sake karanta wa amigdala tsohon darasin ne, kuma razanar da za ki yi a wurin ita za a ɗauka hujjar cewa akwai aljanin. Maigida ya ce mata kuna addu'a a gida kuma za ku ga likita, ya roƙe ta ta sa ku a addu'arta. Uwa in aka ba ta nata aikin takan kwantar da hankali.

Ki sa ido a kan 'yarki. Yara suna koyon tsoro ta kallo kawai, ko da ba a taɓa su ba. In tana ɓuya in an buɗe ƙofa, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ta daina, ko tana firgita cikin barci, ki tafi da ita ranar da za ki asibiti.

Asibitin kuwa ina ganin ki je, ko da abin da kuke yi a gida yana tafiya. In kina mafarkin dukan, ko abin yana dawo miki ido biyu kamar yanzu yake faruwa, ko barci ya ƙaurace, ko kina jin rayuwa ta ishe ki, to zuwan ya zama dole, kuma ki dakatar da aikin makullan har ki ga ƙwararre. Likitoci suna kiran wannan ciwon PTSD, firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, kuma yana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma sashen a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Zuwa can ba ya nufin hauka. Ki ce kina so ki ga masanin halayyar ɗan Adam, domin maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba a jagoranta na 2013 na zama ne da tattaunawa da fuskantar abin tsoron mataki-mataki. Kada ki sayi diyazefam ko makamancinsa a kemis don ki samu barci, yana kama jiki kuma ba ya warkar da wannan. In dukan ya taɓa samunki a kai, ki faɗa wa likita, musamman in akwai ciwon kai mai naci, raunin ji ko suma.

In kin yi wa maigida bayani ya ƙi saurara, kada ki ɗauka an rufe ƙofa. Ki ba shi kwanaki, sannan ki nemi wanda yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, amininsa ko wani babba a danginku, ko ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita. Aikin makullan ma za ki iya fara shi ke kaɗai ko tare da yayarki. Duk wannan shawarar na gina ta ne a kan abin da kika faɗa, cewa ko tsawa bai taɓa yi miki ba. Ga duk wadda take karantawa da ke cikin gidan da ake dukanta yanzu, tsoronki gaskiya yake faɗa miki, ba shi za a yi wa magani ba. Ki sanar da waliyyinki ko wanda kika amince da shi a yau, ki nemi inda za ki tsira da lafiyarki, sauran maganar ta biyo baya.